Hannun da Ke Taɓa Murhu

Ina gaishe ku, 'yan'uwana, cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tashe ni daga kan tabarma. Salamarsa ta zauna tare da ku, manya da yara.

Sunana Hannatu, amma an fi sanina da Maman Rifkatu. A Unguwar Shanu nake zaune. Ban yi makaranta ba, shi ya sa na zaunar da Malama Rahila ta zumuntar mata, ina faɗa tana rubutawa. Ban daina kukan maigidana ba, ba kuwa zan ɓoye muku ba. Ko yanzu da nake magana hawaye na zuba. Amma yau a tsaye nake kukana, kuma da tuwo a cikina. Yabo ga Ubangiji!

Maigidana, Baban Rifkatu, dikin ne, wato mai hidima, a wannan ikkilisiya tamu ta Baftis. Sana'arsa kafinta, rumfarsa tana bayan Babbar Kasuwa. Yawancin bencinan da kuke zama a kai ran Lahadi, shi ya buga su.

Ranar da ikkilisiya ta ɗaga hannu ta zaɓe shi, Fasto ya ɗora masa hannu aka yi addu'a, ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Na ce, "Baban Rifkatu, an ba ka sarauta, ka zo ka yi mini zugum?"

Ya ce, "Wace sarauta? Bara aka ɗauka, ba sarki aka naɗa ba."

Haka ya riƙe aikin har ya koma ga Ubangiji. Yakan ce mini, "Fasto makiyayi ne. Shi zai yi wa'azi, shi zai yi baftisma, shi zai ɗaura aure, shi zai tsaya a bakin kabari. In muka bar masa ɗaukar hatsi da itace kuma, yaushe zai zauna ya shirya abin da zai ciyar da mu ran Lahadi? Namu mu riƙe masa hannu kada ya gaji."

Ayyukansa na fili kowa ya san su. Makullin majami'a a aljihunsa yake. Ran Jibin Ubangiji, da muke karɓar gurasa da ƙoƙo, shi ke shirya tebur, ni in wanke ƙananan kofunan nan, in goge farin mayafin da dutsen guga. Ran baftisma kuwa shi ke fara shiga kogi da doguwar sanda yana auna zurfi kafin Fasto ya sa ƙafa. Yakan ce in akwai kada a wurin, gara ya fara da kafinta, don kafintoci sun fi fastoci yawa a garin nan.

Amma akwai wani aiki nasa da ba a gani.

Kowace Asabar da yamma yakan rufe rumfa da wuri. Ya ɗaure guntayen katako da itace a bayan kekensa, ya rataya ɗan buhun hatsi daga cikin abin da jama'a suka kawo na godiyar kaka, ya bi gidajen gwaurayen ikkilisiya da tsofaffin da ƙafa ta daina kai su sujada. Daga nan Unguwar Shanu har Unguwar Sarki, lungu-lungu. Shekarar da aka sauya hannun tuƙi a titi, direbobi sun sha yi masa tsawa. Sai ya ɗaga musu hannu ya ce kekensa tsoho ne, bai ji sanarwa ba.

Kun san halinmu. Ko mutum yana mutuwa, in ka ce masa ina wuni, lafiya lau zai ce. Maigidana ya san wannan. In ya shiga gidan gwauruwa suka gaisa, ta ce, "Lafiya lau, Dikin, yanzu ma na gama cin tuwo," ba ya musu da ita. Sai ya je bakin murhunta ya tsuguna, ya kai bayan hannunsa kan toka. In ya ji sanyi, sai ya waiwayo ya ce, "To, Iya, da wace wuta aka tuƙa tuwon?"

Daga nan ya kwance itace, ya auna mata hatsi, ya jira har ya ga hayaƙi ya tashi.

Yakan ce, "Baki ya iya kunya. Toka ba ta iya ba."

Ran Lahadi sai ya raɗa wa shugabar mata, "Ku leƙa wance." Ya raɗa wa Fasto, "Wance kuwa ba hatsi take bukata ba, zuciyarta ce ta karye, kai za ka je." Bai taɓa faɗar abin da ya gani a gaban taro ba. Ya ce rashin gwauruwa ba abin shela ba ne. Don haka mata suna zuwa inda ya nuna, Fasto yana zuwa inda ya nuna, amma ba wanda ya san yadda yake ganewa. Ni kaɗai na sani, don ni ke wanke masa rigar da toka ta ɓata.

Da farkon daminar bara tari ya kama shi. Muka ce sanyi ne. Ya sauka a ƙirji, aka kai shi asibiti, bai dawo ba.

Wayyo, Baban Rifkatu! Abokin zamana tun ina yarinya!

Ina so a rubuta wannan da kyau: ikkilisiya ta yi masa jana'iza ta daraja. Fasto ya yi wa'azi yana share hawaye. Dikinoni suka ɗauki akwatinsa a kafaɗa. Gidanmu ya cika da masu ta'aziyya har waje, mata suka yi ta dafe-dafe. Ba abin da aka rage.

'Yata Rifkatu ta zo daga Gusau inda take aure. Ta yi ta roƙona in bi ta. Na ce a'a, inda kabarinsa yake nan zan zauna. Da kwanaki suka ja, ta koma wurin mijinta da yaranta, ai dole.

Sai gida ya yi shiru.

Ban san shiru yana da nauyi ba sai a lokacin. Da safe in tashi in ɗauko tukunya, sai in tuna ba wanda zan dafa wa. In mayar. Yau haka, gobe haka. Abinci ya fita raina. Ƙafafuna suka kumbura, ko bakin zaure ba na iya kaiwa sai da dafa bango. Kekensa yana jingine a ɗaki, in na dube shi sai zuciyata ta tsinke. Na ɗauko tsohon zane na lulluɓe shi gaba ɗaya.

Matan zumunta sun zo, ba zan ce ba su zo ba. In na ji sallamarsu sai in tashi zaune, in gyara ɗankwali. Su ce, "Mama, ya ƙarin haƙuri? Ya jiki?" In ce, "Da godiya, lafiya lau." Su yi waƙa, su yi addu'a, su tafi da farin ciki cewa Mama tana da ƙarfin hali. Murhuna yana nan bakin ƙofa, suna tsallake shi su shiga, suna tsallake shi su fita.

Dikinoni kuma sukan tsaya a zaure su aiko da gaisuwa. Ba su shigo ba. Daga baya ruwa ya yi ƙarfi, hanyarmu ta zama taɓo, kowa da hidimar gidansa, ƙafa ta ɗauke.

Wadda ta riƙe ni a lokacin maƙwabciyata ce, Hajiya Balaraba, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Gidan haya ɗaya muke, ɗakinta yana kallon nawa. Musulma ce, mun shekara da shekaru tare ba mu taɓa faɗa ba sai a kan kaji. Kullum sai ta turo ƙofa da kwanon kunu.

"Maman Rifkatu, tashi ki sha. Kin zama kamar kara."

In kurɓa kaɗan. In ta fita in zuba wa kajinta sauran.

Wata rana ta kama ni. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Ashe shi ya sa kajina suke ƙiba ke kina ramewa! To, wai ina mutanen cocin naku? Mijinki ya cinye tayar keke a kan matan mutane, yau tasa matar tana kwance ba mai leƙe?"

Da ta ga fuskata sai ta ce, "Yi haƙuri, bakina ba shi da linzami."

Ta fita, amma maganar ta zauna. Shaiɗan ya ɗauke ta ya yi ta juya mini ita a kunne. Mijinki ya yi musu bauta, sun binne shi, sun manta. Ke kuma wace ce? Na daina addu'a, 'yan'uwa. Ni da nake wanke kofunan Jibin Ubangiji, bakina ya kasa kiran sunansa. Na shimfiɗa tabarma na juya fuska bango, ina jiran mutuwa kamar mai jiran mota a tasha. Na ce a raina kafin kaka ta yi zan bi shi.

Wata rana da la'asar, ruwa ya ɗauke, na ji an kira salla a masallacin unguwa. Na ji Hajiya tana zuba ruwan alwala a tsakar gida. Sai kunya ta kama ni. Na ce, ga maƙwabciyata za ta je gaban Allah, ni kuwa da nake da Mai Ceto na juya masa baya.

Ban iya durƙusawa ba. A kwance na yi ta. Na ce, "Ya Yesu, ba ni da wata magana mai daɗi da zan gaya maka. Na gaji. Ko ka ɗauke ni in bi shi, ko ka aiko mini da hannu irin nasa."

Iyakar addu'ar ke nan. Ko amin ban tuna na ce ba.

Amma ya ji! Halleluya, ya ji!

Kashegari da hantsi sai na ji ƙwanƙwasar sanda a zaure, da wata murya tana faɗa tun daga waje.

"Ina mai keken nan? Ya fito in gan shi! To, in ji muryarsa, tunda ganin ya ƙare. Wai shi dikin! Damina guda ban ji ƙararrawarsa ba. In tsufana ne ya ishe shi, ya fito ya gaya mini a gaban matarsa!"

Na gane muryar. Iya Tabita ce, tsohuwar gwauruwa daga Unguwar Sarki, ɗaya daga cikin waɗanda maigidana yake zagayawa. Ta girme ni nesa. Yanar ido ta rufe mata gani, ta daɗe ba ta zuwa sujada. A gidan wani ɗan ɗan'uwanta take zaune, su kuwa ba ruwansu da majami'a. Ashe da sanda ta taho, tana tambayar hanya, wannan ya tsallakar da ita titi, wancan ya nuna mata kwana.

Na ji Hajiya tana cewa, "Iya, yi a hankali, yi a hankali mana."

"Ba zan yi a hankali ba! Ke wace ce?"

Na ɗaga murya iyakar ƙarfina na ce, "Iya, shigo. Ni ce Hannatu."

Ta shigo tana lalube. Ta zauna bakin tabarmata tana haki. Ta ce, "Ina yake? Ya ɓuya ko?"

Na kama hannunta. Na ce, "Iya, Dikin ya tafi gida wurin Ubangiji. Tun farkon damina."

Sandar ta faɗi daga hannunta.

Can ta ce, "Ba wanda ya gaya mini." Ta sake cewa, "To, wa zai gaya mini? Ai shi ne mai gaya mini komai. Wanda ya haihu, wanda ya mutu, a bakinsa nake ji. Ni ina can ina zaginsa a raina, ashe bawan Allah yana kwance a ƙasa!"

Muka rungume juna muka yi kuka. Irin kukan da ban yi ba ko ranar jana'iza. Hajiya tana bakin ƙofa, ita ma tana share ido da gefen mayafi.

Da muka lafa, Iya ta ce, "Ke kuma ya jikin naki?"

Na ce, "Lafiya lau, Iya."

Ta laluba ta ɗauki sandarta, ta fita bakin ƙofa tana buga ƙasa har sandar ta taɓa dutsen murhu. Ta tsuguna da ƙyar. Ina kallonta daga ciki, ta kai bayan hannunta kan toka, daidai yadda yake yi.

Tokar ta sha ruwan sama har ta daskare. Ciyawa ma ta fara tsirowa tsakanin duwatsun. Iya ta tsinko ɗaya ta murza a yatsunta.

Ta ce, "Hannatu, ni za ki yi wa lafiya lau? Ni da na shekara ina yi wa mijinki ita? Gona kike yi a murhun?"

'Yan'uwa, sai na tuna addu'ata. Hannu irin nasa na roƙa. Ga shi Ubangiji ya aiko mini da shi a jikin makauniya!

Ta ce, "Tashi ki hura wuta. Yunwa nake ji. Tun daga Unguwar Sarki nake tafe, ko ruwa ba ki ba ni ba. Haka ake karɓar baƙo a gidan dikin?"

Don kaina ba zan tashi ba. Amma baƙuwa ta ce tana jin yunwa a gidan Baban Rifkatu, wannan kuwa ba a taɓa yi ba. Na dafa bango na miƙe. Na duba ko'ina ba itace. Sai na tuna. Na je na yaye zanen da na rufe keken da shi.

Ga damin itace a ɗaure a bayansa, da igiyarsa da ƙullinsa. Wanda ya ɗaura ran Asabar ɗin da tari ya kwantar da shi, bai samu fita ba.

Na ce, "Iya, ga itacenki. Ya ɗaura, bai samu kawo miki ba."

Ta shafa damin ta ce, "To, ya iso. Kwance."

Hajiya ta kawo garwashi a marfin kwano, ta kawo garin masara da kuka da daddawa, tana cewa, "In dai za ki ci da bakinki, ba kajina ba." Na tuƙa tuwo. Muka zauna mu uku. Na kai loma ta fari, na kai ta biyu, ban san lokacin da na suɗe kwano ba.

Yabo ga Ubangiji! Ranar ce mutuwa ta tashi daga bakin ƙofata.

Muna zaune sai wani tunani ya zo mini, ya kore ɗacin da ke raina. Ashe ba ƙina aka yi ba. Ba a sani ba ne. Idon ikkilisiya ne ya rufe ranar da maigidana ya rufe nasa. In kuwa Iya Tabita ta yi damina guda tana jiran ƙararrawa, to sauran fa? Su wa ke kwance a ɗakunansu suna cewa lafiya lau?

Na ce, "Iya, ba za ki koma ba sai mun je sujada ran Lahadi."

Ta ce, "Da wace ƙafa? Taki ko tawa?"

Na ce, "Da tasa."

Ran Lahadi da safe na fito da keken. Tayoyin duk sun sace. Na kama ƙahonsa na jingina nauyina a kai, Iya ta riƙe bayansa. Hajiya ta fito ta gan mu, ta tafa hannu.

"La ila! Gurguwa a gaba, makauniya a baya. Wa zai tuƙa, wa zai hau?"

Iya ta ce, "Ke dai ki ajiye mana kunu, mai baki kamar reza."

Muka kama hanya. In ƙafata ta gaza mu tsaya, in numfashin Iya ya gaza mu tsaya. Inda mutane suka tare hanya in kaɗa ƙararrawa. Mun isa ana tsakiyar waƙa. Na jingina keken a bakin ƙofar majami'a, muka zauna a bencin baya.

Allah ya sa ranar akwai taron ikkilisiya bayan sujada. Kun san tsarinmu na Baftis: duk wanda aka yi wa baftisma yana da baki a taro, ko tsohuwa ce da ba ta san biro ba. Tunda nake ban taɓa magana a taro ba. Ranar na ɗaga hannu.

Fasto ya ce, "Mama! Sannu da fitowa. Ga fili."

Na tashi na dafa benci. Na ce, "Ban zo ƙara ba. Kun binne maigidana da daraja, Allah ya sāka muku. Tambaya ce da ni. Makullin majami'a, wa ya karɓa?"

Dikin Markus, tela, ya ce, "Ni ne, Mama."

"Teburin Jibi fa?"

Wani dikin ya ce shi ne.

"Sandar kogi?"

Aka ce an ba wane.

Na ce, "Madalla. To, murhu fa? Wa ya karɓi murhu?"

Suka dubi juna. Ba wanda ya gane. Sai Iya Tabita ta buga sandarta a ƙasa ta miƙe, ta ba su labari tun daga fari: yadda yake zuwa, yadda yake tsugunawa, yadda ta yi damina tana jiransa, yadda ta je yi masa faɗa ta tarar da ciyawa a murhun matarsa.

Shugabar mata ta rufe fuska da mayafi.

Dikin Markus ya tashi. Ya ce, "Mama, mun zo har zaure. Muka ce kina zaman takaba kamar yadda ake yi a unguwa, bai kamata maza su faɗa miki ɗaki ba. Muka ce ai Fasto yana zuwa."

Fasto ya ce, "Ni kuma na ce ai dikinoni suna zuwa. Dā marigayi ne yake raɗa mini inda zan je. Da na daina jin raɗa, sai na ɗauka kowa lafiya." Ya sauko daga kan bagadi ya zo har inda muke, ya durƙusa a gaban Iya Tabita, yaron da ta isa ta yi jika da shi. Ya ce, "Iya, Mama, ku gafarce mu. In tunkiya ta ɓace ba a tambayar kowa sai makiyayi."

Iya ta laluba kansa ta ce, "Tashi, ɗana, kada ka ɓata wandon Lahadi. Aiki muka kawo, ba kuka ba."

Ya koma ya buɗe Maganar Allah. Ya karanta mana wurin da ya nuna yadda aka fara zaɓen masu hidima a ikkilisiyar farko, cewa saboda gwauraye ne da ake mantawa da su wajen rabon abinci. Ya rufe ya ce, "Kun ji. Kafin a ba dikin makulli, gwauruwa aka fara ba shi. Mun raba abin da ido yake gani, mun bar tushen a ƙasa."

Nan take aka yi shawara, aka ɗaga hannu. Dikinoni suka raba unguwanni a tsakaninsu. Aka ce kowa ya riƙa tafiya da matarsa, don kada zaure ya sake tare shi. Abin da aka gani a gidan mutum ba za a faɗa a taro ba, sai dai a kunnen Fasto ko shugabar mata, yadda marigayi yake yi. Fasto ya ce shi ma ba zai ƙara zaman jiran raɗa ba, kowace Lahadi shi zai tambaye su, gida-gida.

Na ce, "Ga keken nan a waje. Gadonku ne." Aka ba Dikin Markus.

Ba su jira Asabar ba. Da yammar nan suka fita, ni ina gaya musu gidajen da na sani, Iya tana gaya musu nata. A wani gida suka tarar da wata 'yar'uwa zazzaɓi ya kwantar da ita, ba mai ba ta ko ruwa. Suka ɗauke ta zuwa asibiti. Ba zan faɗi sunanta ba. Tana nan da ranta, tana waƙa a cikinku kowace Lahadi. Halleluya!

Ni kuwa kumburin ƙafata ya saɓe a hankali. Fasto ya riƙa zuwa yana karanta mini Magana, don ciwon nawa rabinsa a zuciya yake. Na koma wanke kofunan Jibi. Ranar da na sake karɓar gurasa da ƙoƙo daga hannun dikin, na ce, Ubangiji, ga ni na dawo teburinka.

Asabar ta farko bayan taron nan, ina zaune bakin ƙofa na gama dafa wake, sai na ji ƙararrawa a zaure. Ƙararrawarsa. Na miƙe kafin in tuna. Hawaye suka zubo.

Dikin Markus ne da matarsa. An yi wa keken faci, an ɗaure itace a baya. Muka gaisa. Ya ce, "Mama, ya jiki?"

Na ce, "Lafiya lau."

Ya dubi matarsa, ya gyara riga, ya je bakin murhu ya tsuguna da kwarjininsa. Sai ya cusa hannu gaba ɗaya cikin toka.

"Wayyo Allah!"

Ya yi tsalle yana yarfe hannu. Garwashi ne jajir a ƙarƙashi.

Hajiya Balaraba ta fito tana dariya har da riƙe ciki. "Kai tela! Da bayan hannu ake yi, daga sama-sama! Haka za ka ƙone yatsun ɗinki a gidan tsohuwa?" Ta kawo man gyaɗa ta shafa masa. Ni ina kuka ina dariya, na rasa wanne zan tsayar.

Ya dube ni, idonsa ya yi ja, ya ce, "Mama, da zafi."

Na ce, "Da zafi, ɗana. Yesu ne ya hura."

Ku fastoci, ku ciyar da mu da Magana, amma ku tambayi masu hidimarku ina tumakin da ba ku gani ba. Ku dikinoni, makulli da tebur suna da kyau, amma kada ku tsaya a zaure. Ku shiga, ku tsuguna. Ku kuma 'yan'uwana gwauraye, da duk wanda ya juya fuska bango, kada ku ce an manta da ku. Ku kira shi ko a kwance, ko da maganar ba ta da daɗi. Wanda ya ji ni zai ji ku. In bai sami mai ido ba, zai aiko makauniya.

Har gobe ina kewar Baban Rifkatu, zan kuwa yi ta kewarsa sai ranar da muka sadu a gaban Ubangiji. Amma ba na gaggawa kuma. Wanda duk ya bi ta Unguwar Shanu da yamma, ya shigo ya taɓa murhuna. Sai dai ya yi da bayan hannu.

Godiya da ɗaukaka su tabbata ga Yesu Almasihu, yanzu da har abada. Amin.